Jinginar gona: shaidu na mutuwa, takarda na nan

Duk shekarar da damana ta yi gardama, tun kafin shuka ta gaba rumbunan ƙauye sun koma wayam. A lokacin ne manomi kan nufo birni, wurin ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, ya jinginar da gonarsa don ƴan tiyoyin hatsi ko kuɗin magani. Da baki ake ƙulla maganar, gaban mutum biyu ko uku. Shekaru su shuɗe, shaidu su riga mu gidan gaskiya. Ranar da magada suka zo da kuɗin fansa, sai a ce musu ai sayarwa ubansu ya yi.

A kudancin Maradi, wajen Madarunfa da Gidan Runji, jama'a ta yi yawa, gandu ya watse, gonaki sun tsuke. Rasa gona guda ya isa ya mai da magidanci ɗan ƙwadago ko ɗan ci-rani. Mata kuwa, da yake gamanarsu aro ce, su ake fara karɓe wa. Aron ma ya yi wuya: tun da Janar Seyni Kunce ya ce a 1974 gona ta mai nomanta ce, masu gona suka shiga tsoron ba da aro.

Alhali kuwa doka ta tanadi mafita. Dokar tsarin karkara ta 2 ga watan Maris 1993, wato Code Rural, ta ce haƙƙin da al'ada ta ba mutum da wanda rubutacciyar doka ta ba shi, kariya ɗaya ke gare su. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye, COFO, da aka fara a Mirya da Maine-Sorowa a 1994, kafin su sauka har ƙauyuka ƙarƙashin mai gari. Can ake rubuta saye da kyauta da aro da haya da jingina, kowanne da sunansa.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, manomi bai san wannan hanya ba, ku kun san ta. Wanda ya karɓi jingina da zuciya ɗaya, mi zai sa ya guji takarda? Ku kai maganar gaban kwamiti, a rubuta kuɗin da iyakar gonar. Kun tsare dukiyarku, kun kuma bar wa marayu ƙofar fansar gadonsu.