Waiwaye: Yumɓun Hunƙuyi da Darasin da Muka Saki

A 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka haɗa kai suka kafa ƙungiya. Su ne su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Kukansu ɗaya ne: malamansu Turawa suna koya musu zane yadda ake koyar da shi a Landan, sai ka ce ƙasar nan ba ta san ado ba kafin zuwan fensir. Ba su ce a yi watsi da ilimin Bature ba. Cewa suka yi kowa ya waiwayi gidansu, ya ɗauko abin da kakanni suka bari, ya haɗa da wanda ya koya a aji. Okeke ya koma ga zanen uli da matan ƙabilarsa ta Ibo ke yi a jiki da bango. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma duk mai ba da tarihin zanen zamani a Najeriya sai ya yada zango a Zariya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a ƙofar gidanmu aka yi wannan, kuma kusan dukansu baƙi ne daga kudu. Daga Samaru zuwa Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Amma yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, yaro yana iya gama firamare a ƙauyukan Ikara ko Maƙarfi bai taɓa murza yumɓu a makaranta ba, bai taɓa zana komai ba sai abin da malam ya zana a allo ya ce a kwafa.

Ba wai ba mu gaji abin ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka ɗaure bakan gizonsa, kuma har gobe masana gini na duniya suna zuwa kallonsa. Makarantar allo ma tana da nata darasin, ko da ba ta kira shi da suna ba. Almajiri shi ke fere alƙalaminsa, shi ke dafa tawadarsa da ƙaro, ya koyi ja da sassautawa har baƙi ya zauna daidai a kan allo. Ranar sauka kuwa a riƙa masa allon zayyana, mai launuka da layukan da aka auna da ido. Ga mai ɗinkin hula, ga mai aska takwas a gaban babbar riga, ga baduku, ga mai zanen ƙwarya. Duk waɗannan a gaban wani gwani suka durƙusa shekara da shekaru.

Boko ma da ya zo bai kore su ba da fari. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda masu sana'a na gari suke koyar da dukanci da ƙira da saƙa. Mu da muka yi firamare a karkara mun tarar da sauran wannan a darasin aikin hannu. Mun tufka igiya, mun saƙa faifai da mafici da kaba, mun gina tukunya ƙarama da motar kara. Sannu a hankali abin ya lalace. Aka fara karɓar tsintsiyar kasuwa a madadin wadda yaro ya ɗaure da hannunsa, daga baya aka koma karɓar sabulu ko 'yan kuɗi a ba da maki. Ɓarnar ba ta tsaya ga rasa sana'a ba, domin an nuna wa yaro tun yana ƙarami cewa maki abin saye ne.

Akwai wani labari da ya kamata kowane malamin makaranta a Kudan ya sani. Abbas Ahuwan, wanda ya zama farfesa a fannin ginin tukwane a Jami'ar Ahmadu Bello, bai tsaya ga injin murza yumɓu na sashensu ba. Hunƙuyi ya nufa, ya zauna gaban maginin tukwane na gargajiya ya koyi yadda ake kwaɓa ƙasa, da ɗora tukunya, da gasa ta a fili. A Amurka ya koya wa wasu irin wannan gini, har da gangar yumɓu. Haka Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20: a ƙauye ta koyi gini wajen wata 'yar'uwar iyayenta, kuma wannan jami'a ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. To, in jami'a ta ga ya dace ta je Hunƙuyi neman ilimi, me ya hana makarantar firamaren da ke cikin garin?

Na sha jin iyaye suna tambaya, me zane zai tsinana wa yaro? Tambaya ce ta gaskiya daga mutumin da ya sayar da rake ko tumatir ya biya kuɗin littafi. Amsata ita ce, darasin zane horon ido ne da hannu. Ka ba yarinya ganyen rake ka ce ta zana shi. Za ta fara da abin da take zato, sai ta ga bai yi kama ba, sai ta sake dubawa, ta lura da jijiyar tsakiya, da kaifin gefe, da inda ya lanƙwasa. Ta koyi bambanta abin da ta gani da abin da ta ɗauka, ta kuma koyi gyara ba tare da an ɗaga mata bulala ba. Wannan idon ne za ta buƙata in ta shiga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi aka sa ta gane sassan jiki. Shi tela ke nema, da birkila, da mai walda. Mazarƙwailar da muke dafawa ma, da ta sami wanda zai tsara mata mazubi da tambari, da ta shiga kantunan da yanzu ba ta shiga.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, game da sura mai rai. Ban raina wannan ba, kuma malamai sun yi bayani a kai. Sai dai adonmu na gado kusan duka dagi ne, da layi, da ganye, da rubutu. Malami zai yi shekara yana koyar da awo da launi daga bangon soro da bakin hula bai taɓa abin da ake saɓani a kansa ba.

A takarda darasin yana nan, domin manhajar ilimin bai-ɗaya ta tanadi darasin al'adu da fasaha. Matsalar ita ce sau da yawa wanda bai koye shi ba ake danƙa wa, sai ya cika allo da ma'anar launi yara su haddace. In ka tambaya a ce babu kayan aiki. Ni ban yarda da wannan uzuri gaba ɗaya ba. Yumɓu yana fadama, ga gawayi, ga jar ƙasa da farar ƙasa, ga kara da kaba bayan kaka. Abin da ya rage shi ne kwamitin makaranta da hakimi da sakataren ilimi su yarda a gayyato magini ko mai ɗinkin hula sau ɗaya a mako, a ba shi ɗan abin hasafi, malamin aji ya zauna tare da yara ya koya. Jami'ar horon malamai ta tarayya da ke Zariya tana da sashen zane, kuma tana tura ɗalibanta koyon aiki kowace shekara. A roƙe ta ta riƙa turo wasu Ikara da Maƙarfi da Kudan.