Leda Ta Cika Gari, Wa Za A Kama?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, duk wanda ya ratsa kasuwar Daura ko karar Mai'adua bayan an watse ya ga yadda leda ke bin iska. Ta toshe kwata, ta rufe gona, akuya ta haɗiye ta mahauci ya tarar da ita a tumbi. To, laifin wa?

Manya sun ce laifin mai sayar da tumatir ne da yarinya mai tallar fiya wata. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufa a kan sharar roba, a Janairun 2024 Legas ta haramta farar robar zuba abinci. Ba mu ƙi tsabta ba, amma mun san ran da irin wannan doka ta iso mana, mai tebur za a ci tara, mai masana'anta yana barci.

Bari mu gaya muku asalin abin. Daga iskar man fetur ake yin leda, ana ɗaura ƙananan ƙwayoyi su zama doguwar sarƙa. Mai ɗaurin wani sinadari ne da za mu kira dillali, domin shi ke haɗa ciniki ya faɗa da sauri, ya fita yadda ya shiga, ko la'ada ba ya karɓa. Bajamushe Ziegler ya gano irinsa a 1953, Natta na Italiya ya ƙara a kai, aka ba su kyautar Nobel a 1963. Roba ta yi araha, amma sarƙar ta yi ƙarfin da ƙasa ba ta iya cin ta.

Ashe dillalin da ya ƙulla ciniki ai akwai ɗan'uwansa mai warwarewa. A 2016 masana a Japan suka gano ƙwayar halitta mai cin robar goran ruwa. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa ya nuna sinadarin da ya warware kashi 90 cikin 100 na robar goran cikin awa 10, a sake yin sabon gora da ita. A 2024 masana a Berkeley ta Amurka suka mai da robar leda iskar da ake yin sabuwar roba da ita. Na leda bai bar ɗakin bincike ba tukuna, shi ya sa muke cewa yanzu ne lokacin shiga.

A 2019 aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Daura, ga kuma jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma. Muna so a ware kuɗi a fili domin wannan bincike, 'ya'yan talakawa su koye shi. Muna so masu yin roba su biya kuɗin kwashe ta. Muna so a kafa wurin sayen tsohuwar leda a kan sikeli a Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, yadda 'yan gwangwan ke sayen ƙarfe. Kun taɓa ganin tsohon ƙarfe ya kwana a bola? Abin da ke da kuɗi ba ya kwana a ƙasa.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi nawa ya ware wa wannan aiki. In ya yi shiru, kun ji amsa.