Likitan Dabbobi Ba Ragowar Likita Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, yau na ga ya kamata in kawo ta gabanku, tun da mu ne za mu riƙe alli gobe.

In ka tambayi yaran sakandare na nan Maiduguri abin da su ke so su zama, duk mai ɗan ƙoƙari wajen kimiyya zai ce maka likita. Ka ce masa, "Likitan dabbobi fa?" sai ya yi dariya, kamar ka zage shi. Amma ran da sakamakon JAMB ya fito, makinsa bai kai na likitan mutane ba, sai ka gan shi yana faɗi-tashi a mai da shi can, da niyyar in ya sami hanya baɗi ya sauya.

A ganina wannan hasara ce biyu. Yaro ya shiga abin da ba ya so, ga karatun kuwa shekara 6 ne cur. Ba jiki ɗaya zai koya ba: saniya, doki, raƙumi, kaza, kare, kowanne da irin cikinsa da irin cutarsa, ba kuwa wanda zai buɗe baki ya ce ga inda ke mini ciwo. Mai ƙyamar kashin shanu ina zai jure? Sa'an nan ya tare gurbin wani wanda ya tashi cikin garke, ya san lafiyar saniya tun daga tafiyarta.

Abin mamaki, a Barno a ke wannan raini! Ku je Kasuwar Shanu ku ga motocin da a ke cikawa zuwa kudu. Ku tambayi tsofaffi ɓarnar da bushiya ta yi wa shanu a 1983. Tun 1962 aka fara babbar allurarta a ƙasashen Tafkin Chadi, amma sai a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya. Masu aikin dabbobi ne suka yi wannan, suna bin makiyaya ruga ruga. Haukar kare da tarin fuka kuwa daga dabba su kan kama mutum, watau mai duba nama a mayanka lafiyarmu ya ke tsaro.

Makaranta ba ta yi mana nisa ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen koyon wannan aiki, haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Wanda bai sami jami'a ba, akwai kwalejin lafiyar dabbobi a Vom mai ba da difloma.

To, ga inda aikinmu ya ke. Ana neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yaron da ya bar Fiziks tun ajin farko na babbar sakandare, don ba wanda ya gaya masa, ƙofa ta rufe masa ke nan tun bai ƙwanƙwasa ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In an tura ku koyon aiki a ƙauye, ku lura da yaro ko yarinyar da ke son dabba, ku gaya musu darussan nan 5 tun suna ƙaramar sakandare. Ran cika takardar JAMB kuma su rubuta likitan dabbobi a zaɓin farko.