Bulala da Yaran Gaɓar Kainji

Duk lokacin da aka taɓo maganar dukan ɗalibai, amsa ɗaya nake ji: "Mu ma an buge mu, ga shi mun zama mutane." Masu faɗin haka su ne waɗanda suka jure har suka fito da takardar shaida. Waɗanda bulala ta kora ba sa rubutu a jarida, shi ya sa ba a jin ta bakinsu.

Mu dubi ƙasar Yauri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa Gungawa da maƙwabtansu matsuguni a gaɓar tafkin. Yaron da ke tasowa a ƙauyukan Ngaski ko Shanga yakan tashi da asuba ya taya mahaifinsa duba raga ko ban-ruwan albasa, sannan ya kama hanyar makaranta, wani lokaci a kwalekwale. In ya iso a makare, abin da ke jiransa shi ne durƙuso a rana, ko tsallen kwaɗo, ko tsumagiya. A cikin aji kuma ga wata sabuwa: a gida Gunganci ko Kambarci yake ji, a kasuwa Hausa, allo kuma na yi masa Turanci. Ya ɗan yi jinkirin amsa, a ce daƙiƙi ne, a zabga masa. Darasin da zai ɗauka shi ne kada ya sake ɗaga hannu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma ba daga Turai ya faro ba. Tun a ƙarni na 14, Ibn Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanantawa ga ɗalibi tana kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da yaudara don gudun hannun da ke kansa. A 2011, Victoria Talwar da Kang Lee suka wallafa binciken da suka yi a makarantu biyu na Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An hana yara 'yan shekara uku zuwa huɗu leƙa wani abin wasa, aka fita aka bar su. Yawancinsu sun leƙa a makarantun biyu, amma yaran makarantar duka sun fi musantawa, kuma sun fi iya ɓoye ƙaryar.

Abin da ya fi damuna da gaɓar tafki shi ne yaron can yana da wurin gudu. Kifi na kawo kuɗin hannu yau-yau, makaranta kuwa alkawarin shekaru goma ce. Ga shi tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, iyaye da dama suna ɗari-ɗari da boko. Uba ya ga shatin bulala a bayan ɗansa, ya samu dalilin da yake nema.

Ban manta da malamin da aka bar wa aji maƙil da yara ba, babu littafi, babu wanda ya taɓa koya masa wata dabara in ba sanda ba. Amma makara, wadda ake yawan dukan yara a kanta, tana da magani a hannun hukuma. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, kuma an san ta da daidaita lokutan karatu da sana'ar iyaye. Me zai hana sakatarorin ilimi na Yauri da Ngaski da Shanga su zauna da sarakunan ruwa da iyayen yara, a jinkirta ƙararrawar safe a ƙauyukan bakin tafki zuwa lokacin da jirage ke dawowa?