Kwamfuta ta ƙi tashi? A fara bincike daga bango

 Yau za mu duba wata matsala da kusan duk mai kwamfutar tebur zai gamu da ita ko ba daɗe ko ba jima, wato a danna maɓallin kunnawa a ji shiru, ba fitila, ba motsin fanka, ba komai a sikirin. Ga ɗalibin da kundin bincikensa yake ciki, ko mai shagon buga takardu da abincin iyalinsa ke fitowa daga wannan akwati, shirun nan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Abin da ya fi biyowa baya shi ne a ɗora ta a babur a nufi wurin mai gyara, wani kuwa tun bai kwance noti ɗaya ba sai ya yanke hukunci cewa madabod ya ƙone. Daga nan sai maganar kuɗi masu nauyi, ko a rabu da ita a farashin gwangwan.

Ra'ayina shi ne bai kamata a zargi abu mafi tsada ba kafin a wanke mafi araha. Wutar da ke tayar da kwamfuta hanya ɗaya take bi: daga soket ɗin bango zuwa filogi da waya, zuwa akwatin rarraba wuta da masu gyara ke kira fawa saflai, sannan zuwa madabod, wato babban faifan da duk sauran sassa ke maƙale a jikinsa. Wanda ya bi hanyar nan daki-daki, yana canza abu ɗaya kawai a kowane mataki, zai gano inda wutar ta tsaya.

Da farko sai a tantance irin ciwon, domin "ta ƙi tashi" magana ce da ta ƙunshi larura uku. Akwai mutuwa ɗungurungum, babu fitila babu sauti. Akwai wadda fanka za ta juya daƙiƙa ɗaya ko biyu ta tsaya, wani lokaci ta yi ta maimaita haka. Akwai kuma wadda fitilu suka kama, fanka na gudu, amma sikirin baƙi ƙirin. Ta ukun nan sau da yawa ba ruwanta da wuta. Ko sikirin ne ba a kunna ba, ko wayarsa ta sassauta, ko an cusa wayar a kafar madabod alhali kwamfutar tana da katin hoto na daban da tasa kafar take can ƙasa.

Idan mutuwar ɗungurungum ce, a fara daga bango. A zare filogin kwamfutar a gwada wani abu a soket ɗin. Amma a lura, cajar wayar hannu ba shaida ce mai ƙarfi ba, domin yawancinsu suna aiki da wuta daga bolt 100 zuwa 240. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma kowa ya san yadda takan zo da rauni a unguwanninmu, fankar silin na juyawa a kasalance. A irin wannan hali waya za ta yi caji, tsohuwar kwamfuta kuwa ta ƙi motsi. Bayan haka a tsallake duk 'yan tsakiya, wato estenshin da sitabilaiza da UPS, a haɗa kwamfutar kai-tsaye da bango. UPS ɗin da batirinsa ya mutu yakan ƙi sakin wuta ko da akwai ta, wasu sitabilaizoji kuma suna jinkiri kafin su saki.

Sai filogi. Mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ya fi yawa a gidajenmu, yana da fis a cikinsa da ba ya wuce amfiya 13. Aikin fis shi ne ya ƙone domin na'ura ta tsira. Idan ya tafi, a sa wani mai lamba irin tasa. Ɗabi'ar naɗe fis da zaren waya ko takardar gwangwani ita ce ke mayar da asarar 'yan nairori ta zama gobara. Wayar kanta ma tana karyewa ta ciki, kuma da yake sau da yawa irinta ɗaya da ta sikirin, musanya su ya isa gwaji.

A bayan akwatin kwamfutar, kusa da inda waya ke shiga, galibi akwai makunni mai alamar I da O. Mai shara ko yaro na iya taɓa shi ba da sani ba. A tabbata yana kan I. A tsofaffin kwamfutoci akwai kuma wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, kuma nan ne masu sayen kwamfuta ta hannu ya kamata su buɗe ido. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, saboda haka wadda aka shigo da ita daga can tana iya zuwa a saite kan 115. Idan aka haɗa ta da wutarmu a haka, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. A duba wannan makunni tun kafin kunnawar farko. Sababbin fawa saflai da yawa ba su da shi, domin su suke daidaita kansu.

Idan duk wannan lafiya, a zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa talatin, a cire duk abin da ke maƙale a jiki, firinta da filash da kibod da linzami, sannan a mayar da wuta a gwada. Dalili shi ne fawa saflai yana da tsarin kare kansa. Da zarar ya ji wuta ta yi tsalle, ko wasu wayoyi sun haɗu inda bai kamata ba, sai ya kulle ya ƙi tashi har sai an sauke ragowar wutar da ke cikinsa. Kafar USB guda ɗaya da ƙarfenta ya lanƙwashe ta isa ta jawo haka. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma a kan wannan hikima aka gina na'urar.

Daga nan ne ake buɗe murfi, kuma akwai sharuɗɗa biyu. A zare filogi daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa wani abu a ciki, musamman a lokacin hunturu, da bushewar iska ke sa jikin mutum ya tara 'yar wutar nan da ke tartsatsi idan an cire riga. Ita kaɗai ta isa ta kashe ƙananan sassa. Sharaɗi na biyu ya fi nauyi: kada wanda ba gwani ba ya buɗe shi kansa fawa saflai. Akwai manyan kafasitoci a ciki da ke iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. Idan ya lalace, canza shi ake yi.

Yawancin kwamfutocin tebur suna bin tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995. A wannan tsari fawa saflai yana mayar da wutar bango zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, kuma muddin filogi na jiki yana aika wata 'yar wuta ta bolt 5 zuwa madabod ko da kwamfutar a kashe take. Shi ya sa a wasu madabod ake ganin ƙaramar fitila a kunne. Maɓallin gaba ba ya ɗaukar wuta mai yawa, saƙo kawai yake aikawa ta siririyar waya zuwa wasu allurai biyu a madabod, inda galibi aka rubuta PWR SW. Wanda hannunsa ya saba yana iya cire wayar, ya mayar da wuta, ya haɗa alluran biyu da bakin sukundireba na ɗan ƙiftawar ido. Idan kwamfuta ta tashi, maɓalli ne ya mutu, kuma gyaransa ba ya cin komai.

Idan ba ta tashi ba, zargi ya koma kan fawa saflai. Masu gyara sukan cire duk wayoyinsa daga madabod, su haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi mai ƙafa 24, su ga ko fankarsa za ta juya. Juyawar fanka dai ba ta wanke shi ba, sai an auna da mita. Ruwan ɗorawar waya ya kamata ta ba da tsakanin bolt 11.4 da 12.6, ja kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Wannan gwaji bai dace da yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwanninmu ba, domin filoginsu na daban ne. Wasu na Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a baya saboda wannan aiki. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a aro fawa saflai mai lafiya da ya dace a sa.

Idan wuta ta wanku, ko fanka na juyawa tana tsayawa, sai a rage kaya. A danna babban filogi da ƙaramin mai ƙafa huɗu ko takwas da ke kusa da furosesa su zauna daram. A cire sandunan ram, a share ƙura, a mayar da guda ɗaya. A cire katin hoto da ma'ajiyar bayanai a gwada. A canza ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda mutuwarsa kan rikita wasu kwamfutoci. Idan ana jin ƙara ɗiɗ-ɗiɗ ko fitila na ƙiftawa, a ƙirga, domin na'urar ce ke faɗin ciwonta, kuma littafin kowane kamfani yana da fassarar nasa. Sai bayan duk wannan, ko kuma an ga kafasita ta kumbura, ko tabon ƙuna, ko an ji ƙauri, sannan maganar madabod take da hujja.

Akwai abin da ya fi akwatin kansa daraja. Mutuwar kwamfuta ba ta nufin mutuwar abin da ke cikinta. Takardu da hotuna suna cikin ma'ajiyar bayanai, wadda a mafi yawan lokuta ana iya cire ta a karanta a wata kwamfutar. Kada a yarda a goge ta da sunan gyara, domin matsalar wuta ba ta da alaƙa da gogewa. Ya ma fi kyau a cire ta kafin a miƙa akwatin, sirrin mutum ya zauna a hannunsa. Mai amfani da Windows na zamani ya duba ko an kulle ma'ajiyarsa da BitLocker, ya adana mabuɗinta mai lambobi 48 tun yau, domin in babu shi wata kwamfutar ba za ta buɗe ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba na zargin masu gyara baki ɗaya. Akwai ƙwararru masu amana da yawa, kuma irinsu ba sa jin haushi idan aka ce su auna a gabanka, su nuna abin da ya lalace, su dawo maka da tsohon. Mu ma da namu aikin. A kashe kwamfuta kafin a sauya daga janareta zuwa wutar gari. A ɗan jinkirta bayan an kawo wuta. A zare filogi idan hadari ya taso da tsawa. A hure ƙura bayan hunturu, a toshe kafofin da tsaka da kyankyaso ke shiga. Idan za a sayi fawa saflai a tuna cewa araha ba ta ado, domin maras kyau idan zai mutu yakan tafi da maƙwabtansa. Kundin bincike kuwa a ajiye kwafinsa a wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar.