Yadda ake raba launuka da lissafi kafin a shiga ɗakin gwaji

Batunmu na yau ya haɗa kemistiri da lissafi.

Ku ɗiga baƙar tawada mai narkewa a ruwa kusa da gindin sandar alli, ku tsayar da allin cikin ɗan ruwa ba tare da ruwan ya taɓa ɗigon ba. Yayin da ruwan ke hawa, sau da yawa za ku ga baƙin ya rabu zuwa launuka daban-daban. Dalili kuwa, wani launin ya fi wani manne wa alli, sai a bar shi a baya. Wannan dabara ita ake kira kuromatogirafi. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya sa mata wannan suna a 1906, bayan ya raba launukan ganye a cikin bututun da ya cika da garin alli.

A yau da ita ake tsarkake magunguna irin su insulin na masu ciwon suga. Mannewar nan kuma ita ce sirrin gawayin tace ruwa: datti na maƙale masa har ya cika, daga nan dattin ya fara wucewa. Injiniya na bukatar sanin lokacin da hakan zai faru kafin mutane su sha. Gwada kowane bututu na cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ake fara kwaikwayon aikin a kwamfuta.

Ta yaya? Ana yanka bututun, a takarda, zuwa ƙananan ɗakuna, a yanka lokaci zuwa taki-taki. Martin da Synge, masana biyu 'yan Biritaniya, sun kawo tunanin ɗakunan nan a 1941, kuma aikinsu kan kuromatogirafi ya ba su kyautar Nobel a 1952.

Mu gwada. A zuba ƙwayoyin launi 16 a ɗaki na farko. Doka ita ce, a kowane taki rabin abin da ke kowane ɗaki ya manne, rabi ya bi ruwa zuwa ɗaki na gaba. Taki na farko: 8, 8. Na biyu: 4, 8, 4. Na uku: 2, 6, 6, 2. Na huɗu: 1, 4, 6, 4, 1. Wanda ya san dalar lambobi ta Pascal zai gane layin ƙarshen nan.

To, a ce akwai launi na biyu mai naci, wanda kashi 3 cikin 4 nasa ke mannewa. Bayan taki 100, tarin na farko zai kasance wajen ɗaki na 50, na biyu kuwa wajen ɗaki na 25. Sun rabu ke nan, ba a ɓata ko ɗigon tawada ba. Abin da kwamfuta ke yi bai wuce wannan ba, sai dai ɗakunanta da takunta sukan kai dubbai, dokokinta kuma sun fi namu sarƙaƙiya.

Amma fa a kula. Idan an yi ɗakunan manya don a gama da wuri, lissafin zai nuna launin ya bazu fiye da yadda yake a zahiri. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Don haka injiniya yakan ƙara yawan ɗakunan ya sake lissafi har amsa ta daina canjawa, sannan ya kwatanta da gwajin gaske.

Ga aikin gida: ku fara da ƙwayoyi 256 na launi mai nacin nan, ku yi taki huɗu. Wane ɗaki ne ya fi tara launi? Ku tabbata jimillar kowane layi ta koma 256. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.