A saita fiyanon MIDI ya ji yaren kalangu

Matashin Dagumawa ta Wudil da ke son haɗa kiɗa a yau ba sai ya hau motar Kano ya je ya bi layi a situdiyoyin Zoo Road ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, da manhajar FL Studio, da ɗan ƙaramin fiyano irin Akai MPK Mini mai maɓallai 25 da gurabun bugu takwas sun ishe shi. Ta wayar USB fiyanon yake shan wuta daga kwamfuta, saboda haka ko KEDCO ta ɗauke, aiki na tafiya muddin batir bai mutu ba. Abin takaicin shi ne da yawa suna jona shi ne su bar shi yadda ya fito daga kwali, shi ya sa kiɗan wannan da na wancan suke fitowa iri ɗaya.

Fiyanon MIDI ba shi da murya tasa. Saƙo kawai yake aika wa kwamfuta: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, daga 1 zuwa 127, yaushe aka sake shi. A 1983 wannan tsari ya fito, bayan Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan sun tsaya a kan lallai kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna.

Makaɗan Kano na farko ba su sami wannan gata ba. A zamanin da fim ɗin Sangaya na 1999 ya sa waƙar fim ta cika gari, fiyanon Yamaha samfurin PSR ne ke riƙe da situdiyo, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna a bincikensa. Sautukan da aka zuba masa a masana'anta su makaɗi zai lalube, ya zaɓi wanda ya fi kusa da sarewa ko ganga. Sun yi ƙoƙari, kuma suna da uzuri. Wanda ke da MIDI a gabansa ba shi da wannan uzurin, domin duk sautin da ya ɗora a manhaja shi fiyanon zai buga.

Saiti na farko shi ne maganin jinkiri. Idan aka danna maɓalli sauti ya makara, hannu ba zai taɓa sakewa ba. A zaɓi direban ASIO, a rage ma'ajiyar sauti zuwa 256, jinkirinta ya dawo wajen kashi shida cikin dubu na daƙiƙa. In tsohuwar kwamfuta ta fara ƙaraf-ƙaraf, a ɗaga zuwa 512. Makunnan murɗawa kuma a ɗaura kowanne a kan abin da ake yawan taɓawa, ƙarar murya ko amo, a huta da jan linzami.

Inda maganar take da nauyi shi ne abu biyu. Na ɗaya, umarnin nan da ke jawo kowane bugu ya zauna daram a kan layi. Sauƙi gare shi, amma yana kashe kiɗa, domin daɗin kalangu yana cikin ɗan gaba da ɗan baya da hannu ke yi da gangan. A kashe shi, ko a rage masa ƙarfi. Na biyu, abin lanƙwasa sauti da ke gefen hagu, a wasu fiyanon taya, a wasu ɗan sanda. Mai kalangu matse tsarkiya yake yi a hammata, sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har gangar ta kira sunan mutum. Wanda ya saurari makaɗan Mamman Shata ya san haka. Yawanci tayar tana zuwa ne da tazarar rabin mataki biyu kacal, wadda ta yi wa kalangu kaɗan. A faɗaɗa ta, a koyi sarrafa ta da hagu yayin da dama ke bugu.

Sautin da za a ɗora kuwa ba sai an nemo shi a intanet ba. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, kuma Wudil gari ne na kara, mai cika da shanu kowace Juma'a. A nemi makaɗi a wajen mahautan, a biya shi haƙƙinsa, a naɗi bugunsa mai taushi da mai ƙarfi daban-daban, a raba su a gurabun nan takwas, a kuma rubuta sunansa a jikin waƙar. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil za su iya tattara irin waɗannan sautuka, na kalangu da kotso da gurmi da ƙwarya, su tsara su yadda FL Studio da Cubase za su karɓa, ta yadda mai haɗa kiɗa a Dagumawa zai kwafa a filashi ya ɗora a kwamfutarsa.